A Kashe Ko A Bari: Taƙaddama Kan Na'urorin Cikin Kanel

Duk wanda ya taɓa kunna kwamfutar da aka ɗora wa OpenBSD ya san fararen haruffan nan da ke zubowa a kan shuɗi kafin a nemi sunan mai shiga. Layi na korar layi, ido ba ya iya kama su. Kanel ne ke magana, wato jigon babbar manhaja, wanda ke tsaye tsakanin ƙarfen kwamfuta da sauran manhajojin da mutum ke aiki da su. Yana bin sassan na'urar ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin abin da ya tarar da kuma direban da ya damƙa wa shi. Direba a nan guntun manhaja ne da ya san yadda ake sarrafa wani sashe takamaimai, ko firinta, ko kyamara, ko katin sauti.

A tsohuwar ThinkPad za ka ga layi irin wannan: em0 at pci0 dev 25 function 0 "Intel 82579LM". Abin da yake cewa bai da yawa. An sami katin da ake soka wa wayar intanet, ƙirar Intel, a gurbi na 25 na layin PCI, direban da ake kira em ya karɓe shi, daga yanzu sunansa em0. Can ƙasa kuma wani layin zai ƙare da "not configured", alamar kanel ya ga na'urar amma ba shi da direban da zai ba ta. Duk wannan bayani ba ya ɓacewa da zarar allo ya wuce. Umarnin dmesg yana dawo da shi a Linux da dangin BSD, kuma OpenBSD da FreeBSD suna ajiye kwafinsa a fayil ɗin /var/run/dmesg.boot.

Daga waɗannan layuka taƙaddamar ta samo asali. Wani ya karanta ya ce: ga abubuwa birjik da ba na amfani da su, ga wanda ma yake kawo mini cikas, bari in kashe su. Wani ya ce: ka bar kanel yadda masu shi suka fitar da shi, kai ba ka fi su sani ba. Kowane ɓangare yana da manyan masana, kuma kowanne yana da hujjar da ba a ture ta da hannu ɗaya.

Akwai wata 'yar gardama da ke gaban wannan, ta ko a nuna saƙonnin ko a ɓoye. Windows da Mac sun daɗe suna rufe su da tambari. Fedora 10 ta kawo manhajar Plymouth a 2008, Ubuntu ta bi sahu a 2010, kuma kalmomin "quiet splash" a layin tashi su ne ke sa allon ya yi shiru. Ba na ganin laifi a nan. Mai shagon buga takardu ba ya bukatar ganin layi ɗari uku kowace safiya, kuma a yawancin Linux danna Esc yana yaye labulen. Muddin an adana saƙonnin inda mai gyara zai same su, a rufe. Babbar maganar ita ce abin da mutum zai yi bayan ya karanta.

Masu kashewa suna da tarihi a bayansu. A farkon shekarun 1990, lokacin da Linus Torvalds ya fitar da Linux a 1991, kwamfuta mai ram megabait 4 ko 8 ba abin raini ba ce, kuma kowane direban da ba a bukata yana cin wurin da aiki zai zauna. Ga kuma katunan ISA, waɗanda ba sa iya faɗin sunansu. Dole kanel ya riƙa ƙwanƙwasa adireshi yana tambayar ko da wani a nan, wani lokaci kuwa ƙwanƙwasar da aka yi don wani kati sai ta faɗa kan wani daban, kwamfuta ta ƙame. A wancan zamani, iya cewa "kada ka taɓa wannan gurbi" shi ne bambancin tashi da rashin tashi. Daga nan OpenBSD ta riƙe hanyar da take da ita har yau: a rubuta boot -c a farkon tashi, alamar UKC> ta bayyana, a rubuta disable da sunan direba, a rubuta quit, kanel ya ci gaba ba tare da shi ba.

PCI da USB sun kawar da yawancin wannan lalube, domin na'urorinsu suna faɗin lambar shaidarsu da kansu. Amma bukatar ba ta mutu ba. Har yau akwai laftof ɗin da allonta ke yin baƙi ƙirin daidai lokacin da direban hoto ya karɓi aiki, kuma ba ka da hanyar ganin komai sai ka tashe ta da nomodeset a Linux, ko ka kashe inteldrm ko amdgpu a OpenBSD. Akwai kuma rikicin direbobi biyu kan na'ura ɗaya. A OpenBSD, mai son buga takarda da firintar USB ta manhajar CUPS yakan kashe direban ulpt, domin shi ne ke riga kama firintar ya hana CUPS isa gare ta. A Linux, mai son direban kamfanin Nvidia sai ya hana nouveau tashi. Ba wanda zai kira wannan ganganci. Masu manhajar ne da kansu suka rubuta a yi haka.

Wani lokaci ma direba yana iya kashe na'urar baki ɗaya. A farkon 2013 an gano cewa wasu laftof na Samsung suna mutuwa murus idan aka tashe su da Linux ta tsarin UEFI, kuma matakin gaggawar da masu kanel suka ɗauka shi ne hana direban samsung-laptop aiki a irin wannan yanayi. Daga baya ya bayyana cewa tushen ɓarnar yana cikin manhajar da aka dasa a allon na'urar, amma kashe direban ya ceci kwamfutoci kafin a gama bincike. A ranar 19 ga Yulin 2024 kuwa, sabuntawar da kamfanin CrowdStrike ya tura ta rikita direbansa da ke cikin kanel ɗin Windows, na'urori kusan miliyan 8.5 suka durƙushe bisa ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, aikin asibitoci ya tsaya. Maganin da aka bi a na'ura bayan na'ura shi ne tashinta a yanayin kariya, wanda ke ɗaukar direbobi kaɗan, a goge fayil ɗin da ya jawo abin. Wanda ya ga wannan rana ba zai yarda a ce masa iya tashin kwamfuta ba tare da wani direba ba ƙawa ce kawai.

Hujjarsu mafi nauyi a wurina ita ce ta tsaro. Kanel ɗin Linux ya haura layi miliyan 40 a farkon 2025, kuma kaso mafi girma direbobi ne, da yawansu na kayan da aka daina ƙerawa tun tuni, ba mai duba su sosai. Za ka ce direban da ba a loda ba ai ba ya cutarwa. Matsalar ita ce Linux yana loda su da kansa idan an nema. A Fabrairun 2017 Andrey Konovalov ya bayyana wata kafa a sashen DCCP, wata hanyar sadarwa da kusan ba mai amfani da ita, kafar kuma ta fi shekara goma a wurin. Kowane ƙaramin mai shiga kwamfutar yana iya neman a buɗe masa DCCP, kanel ya ɗauko sashen, shi kuma ya bi ta kafar ya zama mai iko da komai. Shawarar da aka bai wa masu kula da saba kafin gyara ya iso layi ɗaya ce a cikin /etc/modprobe.d da ke hana sashen loduwa. Wanda ya riga ya rufe shi tun can bai ma san an yi ba.

USB ya fi wannan tayar da hankali. Abin da aka soka yana iya yin ƙaryar ko shi wane ne, ya ce shi wata tsohuwar kyamara ce ko katin sauti, kanel ya miƙo masa direban, direban kuma yana da rauni. A Fabrairun 2025 ƙungiyar Amnesty International ta ruwaito cewa an buɗe wayar Android ta wani ɗalibi mai fafutuka a Sabiya da kayan aikin kamfanin Cellebrite ta wannan hanya, aka yi ta kwaikwayon na'urorin USB iri-iri har aka dace da kafa a direbobin kanel, ciki har da na kyamarar USB. Ɗalibin ba ya bukatar waɗannan direbobi a wayarsa lokacin da take kulle. Da ba su amsa ba, da hanyar ta toshe. Ɗan jarida, lauya, ko ma'aikacin banki da ke yawo da laftof yana da dalilin karanta wannan labari sau biyu.

Sannan akwai inda datse kanel ba zaɓi ba ne, sana'a ce. Ƙaramar rawuta mai ma'adanar megabait 8 ba za ta ɗauki kanel mai direban kowace firinta a duniya ba. Manhajar Firecracker da Amazon ta fitar a 2018 tana tayar da ƙaramar kwamfutar gaibu a cikin kusan milisakan 125, saboda na'urorin da take gabatar wa kanel ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Wannan ba wanda ke musu a kansa.

To, me masu cewa a bari suke da shi? Babu wanda ya tsaya a wannan matsayi da ƙarfi kamar OpenBSD, aikin da Theo de Raadt ya kafa a 1995. Kanel ɗinsu na kowa da kowa sunansa GENERIC, kuma matsayinsu a fili yake: idan ka gina naka ka cire abubuwa, sannan ya lalace, kada ka kawo ƙara sai ka nuna matsalar tana faruwa a GENERIC ma. Wasu na ganin wannan girman kai ne. Ni ina ganin lissafi ne. Kanel guda da dubban mutane ke tashi da shi kullum, an gwada shi dubban sau. Naka da ka cire abu arba'in ka bar sittin, kai kaɗai ne a duniya ke gwada wannan haɗin, kuma sassan kanel suna jingina da juna ta hanyoyin da ba sa bayyana a jerin zaɓi. Zaɓuɓɓukan da make menuconfig ke nunawa a Linux sun kai dubbai. Cire direban faifan ajiya bisa kuskure, ka sake kunnawa, sai ka ci karo da "Unable to mount root fs", kwamfuta ta tsaya cak.

Ko hanyar da aka yi don sauƙaƙawa tana da tarko. Umarnin make localmodconfig yana duba abin da ke aiki a lokacin, ya zubar da saura. Idan ba a soka filash ba a ranar, to direbansa ya tafi. Bayan wata shida ka karɓi filash a hannun abokin aiki, ka soka, shiru, ka fara zargin filash ɗin mutane.

Ribar da ake nema ma ta ragu ƙwarai. A Linux, direban da ba a loda ba wuri kawai yake ci a faifai. A OpenBSD, inda duk suke cikin kanel guda, direban da bai ga na'urarsa ba yana cewa ba tawa ba ce, a wuce. A kwamfuta mai ram gigabait 8, abin da za ka tsira da shi ba za ka ji shi a aiki ba. Abin da za ka ji shi ne nauyin da ka ɗaura wa kanka: duk ranar da aka fitar da gyaran tsaro, mai kanel ɗin kowa zai sabunta cikin minti biyu, kai kuwa sai ka sake gini. Umarnin syspatch, wanda ya zo da OpenBSD 6.1 a 2017, kanel ɗin da aikin ya fitar yake yi wa faci. Mutum ya datse kanel don tsaro, sannan ya yi wata takwas bai sabunta ba saboda wahalar gini, ya fi wanda bai taɓa komai ba shiga haɗari.

Amma abin da ya fi damuna shi ne kashe na'ura don kawai saƙo ya daina fitowa. Layin "not configured" ba ƙorafi ba ne, rahoto ne, kuma ba abin da za a kashe a wurin tunda ba direban da ya kama. Jajayen layukan ACPI masu ɗauke da AE_NOT_FOUND, waɗanda ke firgita sababbin masu Linux, galibi kurakurai ne da masu ƙera kwamfutar suka bari a teburan bayaninta, kuma sau da yawa na'urar tana aikinta lafiya da su. Wanda ya rufe wa saƙon baki da acpi=off ya yi abin da bakanike ke yi idan ya cire ƙwan fitilar gargaɗi a gaban mota ya miƙa wa mai ita makulli.

A ɗauki shagon gyara a titin Beirut a Kano, inda laftof na hannu ke shigowa kullum. Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0 da furosesa ta baya-bayan nan, tsofaffin na'urori da yawa sai dai Linux. Yaron shago ya ɗora, ta ƙi tashi, ya laluba ya samo dabara.

"Oga, na sa acpi=off, ga ta nan ta tashi."

"To madalla. Duba mini batir, kashi nawa ya rage?"

Babu alamar batir. Ya rufe murfi, ba ta yi barci ba. Ya ba ta umarnin kashewa, ta tsaya da allo a kunne sai an danne maɓalli. A na'urori da yawa ma furosesa mai kai huɗu komawa take yi aiki da kai ɗaya. ACPI shi ne hanyar da babbar manhaja ke sanin wuta da zafi da barcin kwamfuta, kashe shi kuwa ya ɗauke duk wannan a lokaci guda. Maigidan kirki zai ce wa yaron ya cire "quiet splash", ya sake tashinta, ya ɗauki hoton layin ƙarshe da waya kafin ta ƙame. Sau da yawa sunan mai laifin yana wannan layi, direba ɗaya ne, kuma shi kaɗai ya kamata a taɓa. Idan ba a yi haka ba, Alhaji mai na'urar zai biya kuɗi ya tafi da na'urar da ta tashi amma ta gurgunce, ya dawo bayan mako yana cewa Linux ba ta da kyau.

A nan ne nake ganin ɓangarorin biyu suna amfani da kalma ɗaya kan ayyuka masu zurfi daban-daban. Kashe direba na tashi ɗaya, a UKC> ko ta danna e a GRUB, manhajar da ke tashin Linux, gwaji ne. Ka sake kunnawa komai ya dawo. Rubuta shi a fayil yana dawwama, amma kanel ɗin na kowa ne, sabuntawa na shigowa, kuma wanda ya gaje ka zai buɗe fayil ɗin ya gani. Sake gina kanel kuwa ɗaukar amana ce mai tsawo. Kusan duk misalan masu kashewa, da ulpt da nouveau da DCCP, ana biyan bukatarsu a mataki na biyu. Kusan duk tsoron masu bari yana kan na uku. Don haka na fi karkata ga masu bari kan gini, ga masu kashewa kuma kan fayil, da sharaɗin mutum ya iya faɗin sunan direban da layin saƙon da ya sa ya zarge shi.

OpenBSD da kanta ta zo wannan wuri. A 2017, da sigar 6.2, ta kawo KARL, tsarin da ke sake haɗa kanel da sabon jeri a kowane tashi don kada mai kai hari ya san inda komai yake. Wannan ya yi karo da tsohuwar al'adar gyara kanel da config -e, domin gyaran da haɗin ba sa tafiya tare, mai firinta sai ya zaɓi ɗaya. Sai a sigar 7.0, a 2021, aka kawo fayil ɗin /etc/bsd.re-config, inda za ka rubuta disable ulpt a riƙa aiwatar da shi kan kowane sabon haɗi. Mutanen da suka fi kowa nacewa kan GENERIC sun buɗe ƙofar kashewa, suka sa ta a wurin da ake gani.

Kuma ba wai su ba sa datsewa ba ne, sun fi kowa ma. Sun cire Bluetooth gaba ɗaya a 2014. A sigar 6.4, a 2018, sun kashe SMT, dabarar da ke sa kan furosesa ɗaya ya yi aikin biyu, saboda fargabar yoyon bayanai, sun kuma rufe ɗaukar sauti sai mai na'ura ya buɗe da kansa. Kyamara ta bi baya a 6.9. Bambancin shi ne suna yi wa kowa a lokaci ɗaya, sai sabon yanayin ya zama shi ne wanda dubbai ke gwadawa. Darasin Sabiya ma can ya nufa: ɗalibi ba zai gina wa wayarsa kanel ba, masu ƙera ta ne ya kamata su hana tashar USB karɓar sababbin na'urori idan waya tana kulle.

Inda masu bari suke da rauni shi ne zatonsu cewa kowane rahoto yana samun mai amsawa. Gaskiya ne wanda ya kashe direba ya yi shiru ya hana masu gyara sanin akwai matsala, shi ya sa OpenBSD ke roƙon duk wanda ya ɗora ta ya aika musu da dmesg ɗinsa. Amma laftof mai shekara goma sha biyu, wadda kamfaninta ya daina sabunta mata manhajar allo, mai yiwuwa ba wanda zai sake zama ya gyara direban katin karanta memorinta. Mai ita yana da jarrabawa jibi. Ba adalci ba ne a ce ya jira. Ya kashe direban, ya rubuta a saman layin ranar da ya yi da saƙon da ya gani, ya aika da rahoton ko da ba a amsa ba. Idan sabuwar siga ta fito, OpenBSD kan fitar duk wata shida, Ubuntu ma haka, sai ya cire layin ya tashe ta sau ɗaya ya karanta dmesg, domin wani lokaci an gyara abin tun sigar da ta wuce, katin yana nan lafiya, layin da ya rubuta ne kaɗai ke hana shi aiki.